Muniru Ya Gaida Manya da Hagu

Muniru mai tayoyi ya fara gudu ne bayan ya haura arba'in da biyar, ranar da wata nas ta auna jininsa ta ce ya riƙa ɗan motsa jiki. Ɗan motsa jiki kawai ta ce, amma Muniru bai taɓa iya yin abu kaɗan ba. Kafin shekara ta zagayo ya mallaki takalma masu ruwan lemo, da gajeren wando wanda bai san inda gwiwa take ba, da agogon da ke gaya masa yadda zuciyarsa take bugawa. Daga nan ya sa sunansa a tseren rabin fanfalaki da za a yi a cikin Kumasi, kilomita ashirin da ɗaya.

Tun daga lokacin ya raba mutanen Zango gida biyu. Akwai masu gudu, wato shi. Akwai kuma masu zama, wato kowa da kowa. Idan ya fito daga lungunsu na Akwatialine da sassafe, ya ga maza jere a kan benci suna jiran shayin ataya ya dahu, sai ya ji tausayinsu, irin tausayin da raini ya fi yawa a ciki. Ga tumbi, ga carbi, ga gardamar ƙwallon Turai, kuma babu wanda zai iya bin akuya ya kama ta. Ko 'yan kulob ɗin motsa jiki na ranar Lahadi bai ɗauke su a bakin komai ba. Su waɗannan da ganga da waƙa suke fitowa, su yi 'yar rausayarsu har shataletalen filin jirgi, sannan su zauna su share tuwon shinkafa da miyar gyaɗa wanda ya ninka gumin da suka zubar.

Masu zaman ma ba su ƙyale shi ba. Sun sa masa suna Obroni, wato Bature, domin a ganinsu Bature ne kaɗai zai kama gudu ba wanda ya koro shi, ba kuma wanda yake bi.

"Obroni, yau ma wanda kake bi bai tsaya maka ba?" haka suke tambayarsa idan ya dawo yana haki.

Agogonsa yake dubawa.

A ƙarshen makon da wannan abu ya faru, ayyuka biyu ne a gaban Muniru, kuma a ransa bai jera su bisa girmansu ba. Na farko, safiyar Lahadi zai yi dogon gudunsa na ƙarshe, wanda daga shi sai hutun ƙafa har ranar tsere. Wani saurayi da yake kallo a waya, wanda bai taɓa taka Kumasi ba, ya tabbatar masa cewa duk wanda ya tsallake wannan gudun to ya haƙura da tseren. Na biyu, a wannan Lahadin bayan la'asar za a kai goron neman auren ɗansa Fadil gidan su Hikima a Dichemso.

Uba ba ya kai goron ɗansa da kansa. Babban gida ne yake kaiwa, shi yake magana, shi ake ba amsa. Babban gidan su Muniru kuwa shi ne Baba Yero, ƙanin marigayi mahaifinsa, dillalin shanu da ke zaune a Moshi Zango. Idan aka je babu shi, dangin yarinya ba za su ce komai ba. Za su kawo ruwa, a yi addu'a, su ce za su yi shawara, shawarar kuma ba za ta taɓa ƙarewa ba.

Ranar Asabar bayan asuba, Muniru yana ɗaura igiyar takalmi, matarsa Memuna ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta a hannu.

"Baban Fadil, ka tuna yau ne addu'ar arba'in ta Hajiyar nan, maƙwabciyar Baba Yero, a Moshi Zango?"

"Na tuna."

"A haka za ka je?"

"Ɗan gajere zan yi yau, in warware ƙafa saboda gobe. In na dawo na yi wanka sai in same ku."

Memuna ta dubi wandon, ta dubi gwiwoyinsa biyu da suka fito fili kamar marayu.

"Wannan wando dai tela bai gama shi ba aka karɓo."

"Don iska ta shiga aka yi shi haka."

"Ta kuwa samu hanya. Ka bi wani wajen, kar ka bi ta can."

Ya ce to. Amma hawan da ke kai mutum Moshi Zango shi ne hawa mafi kyau a duk zagayensa, kuma ya riga ya gaya wa kansa cewa a cikin lungu za a yi addu'ar. Ya manta abin da kowa ya sani, cewa taro a Kumasi ba ya zama a lungu, titi yake ci.

Yana shan kwana sai ga rumfuna an kakkafa sun tare hanya, an bar ɗan tsagi a tsakiya wanda mai babur zai iya ratsawa. A sahun gaba dattawa ne zaune cikin fararen riguna. Baba Yero na tsakiyarsu, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Abin da ake yi a irin wannan wuri sananne ne. Mutum ya tsaya, ya faro daga dama, ya bi sahu yana ba kowa hannu yana rusunawa har ya kai ƙarshe. Idan ya zo kan ubansa sai ya tsuguna sosai. A tambayi kwana, a tambayi iyali, a tambayi haƙuri. Muniru ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Amma ya kuma san cewa in ya tsaya, agogo zai rubuta cewa ya tsaya. Juyawa baya kuma ba ta taso ba, don an riga an gan shi.

Sai ya ratsa ta tsakiya. Gorar ruwa tana hannunsa na dama. Da ya zo daidai Baba Yero, ya ɗaga hannun da ba komai a ciki, ya kaɗa shi sama, agogo yana ƙyalli, ya wuce abinsa. Da waƙa a kunnensa, saboda haka bai san wurin ya yi tsit a bayansa ba.

Hannun hagu ne ya ɗaga.

Ya koma gida da farin ciki, don ƙafa ta ba shi haɗin kai. Yana fitowa daga wanka ya tarar Memuna ta riga ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba. Fadil na tsaye jikin bango, ya harɗe hannuwa.

"Ba sai ka je ba," in ji Memuna. "Ka riga ka je. Kowa ya gan ka, har cinya."

"Ai na gaishe su."

"Da wane hannu?"

Muniru ya dubi hannuwansa ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwa ne a damata."

"Ruwan Zamzam ne da ba a ajiye shi a ƙasa?"

Fadil ya yi gyaran murya. "Baba, Kaka Yero ya aiko. Ya ce gobe ƙafarsa za ta yi ciwo."

"Za ta yi? Mutumin da ke wuni a tsaye a kasuwar shanu?"

"Ya ce tunda akwai mai ƙafa a gidanmu, shi ya kai goron. Wai zai fi sauri."

Muniru ya yi tsaki, ya yar da tawul a kan kujera. "Ka ji irin abin da nake faɗa. Mutane sun zauna ba aikin fari sai gadin hannun mutane. Hagu da dama duk ba Allah ne ya yi su ba? Da wannan kuzarin suka sa wajen taka ƙasa, da rabinsu ba sa shan maganin hawan jini."

"Baba," in ji Fadil a hankali, "wanda ke zaune kusa da Kaka, mai jar hula, ka gane shi?"

"Ban tsaya kallon huluna ba."

"Malam Sha'aban ne, baffan Hikima. Shi zai karɓi goron."

Muniru ya ɗauki tawul ɗin da ya yar, ya shige ɗaki.

Bisa tsarin saurayin waya, yammacin Asabar lokaci ne na cin shinkafa, da shan ruwa, da kwanciya a jingine ƙafafu da bango. Maimakon haka Muniru ya sa doguwar riga ya shiga motar haya zuwa Moshi Zango. Matar Baba Yero ta tare shi a zaure ta ce Baba yana barci. Daga cikin gida kuwa ana jin muryar mai barcin tana rantsuwa a waya cewa bijimin nan bai taɓa ciwo ba.

"Kai ma ka sani, Muniru," in ji tsohuwar. "Magana mai nauyi ba a kawo ta da yamma haka. Ka san lokacinta."

Ya san shi kuwa. Bayan sallar asuba ne, daidai lokacin da ya keɓe wa dogon gudunsa.

Da ya koma gida, duk da haka sai da ya jera kayansa a kan tabarma yadda ya saba: takalmi, safa, gora, ayaba guda. Ya yi tunanin aika saƙon ban haƙuri ta waya, har ya fara rubutawa. Sai ya ɗaga kai ya hango Memuna a tsakar gida ta buɗe ganyen da aka naɗe goron, tana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Fadil na tsugune kusa da ita yana zare waɗanda suka yi tabo, yana juya kowane ɗaya a hannu kamar ƙwai. Babu wanda ya dubi Muniru. Ya goge saƙon.

Asubar Lahadi a masallacin Moshi Zango ya yi ta. Jallabiya ce a jikinsa, da dogon wando a ciki wanda Memuna ta tsaya a kansa sai da ya sa. Takalmin dai mai ruwan lemon ne, ya ce sauran suna matsa shi.

Baba Yero na zaune a barandar gidansa da kofin shayi. Muniru ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Obroni ne? Yau an samu birki?"

"Ina kwana, Baba."

Tsohon ya amsa, sannan ya shiga tambaya. Ya tambayi Memuna, ya tambayi yara ɗaya ɗaya da sunansu, ya tambayi kasuwar taya, sabuwa da tsohuwa, ya tambayi maƙwabta har da wanda ya tashi bara. Bai ce a zauna ba. Cinyoyin Muniru, waɗanda yake alfahari da su, suka fara rawa.

"Baba, na zo ba da haƙuri ne. Na yi kuskure."

"Kai ɗan wana ne. Ko da ƙafa ka gaishe ni zan haɗiye, in ce ban iya tarbiyya ba. Amma ba ni kaɗai ba ne a sahun." Ya kurɓi shayi. "Akwai Alhaji Mumuni na unguwarku. Akwai ladanin Aboabo. Akwai tsohon direban nan na Sawaba. Akwai Malam Sha'aban. Kowa ka same shi inda yake, ka gaishe shi irin gaisuwar da uwarka ta koya maka. Wanda ya haƙura zai kira ni. In kira na ƙarshe ya shigo kafin la'asar, zan sa rigata. In bai shigo ba, ƙafata tana ciwo."

"To, Baba."

"Kuma da ƙafa ka raina mu, da ƙafa za ka je. In ka hau ko da keken yara ne, kafin ka sauka na ji."

Muniru ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa. A cikin kansa ya riga ya shimfiɗa hanyar: daga nan zuwa Akwatialine, zuwa Aboabo, zuwa Sawaba, a juyo Dichemso. Ai wannan shi ne dogon gudun, har da ƙari. Tsoho yana ganin horo ya yi masa, bai san kyauta ya ba shi ba. Haka masu zama suke, in ji shi a ransa, nisan da ke ba su tsoro shi ne karin kumallon wani. Yana fita ƙofar gida ya danna agogo, ya tattare jallabiya, ya ɗiba.

Abu na farko da bai lissafa ba shi ne jallabiyar. Mai gajeren wando in yana gudu, an san Obroni ne, a yi dariya a ƙyale shi. Amma magidanci da jallabiya yana gudu da sassafe, wannan labari ne. Mai koko ta ajiye ludayi ta dafa ƙirji. Wani dattijo ya sha gabansa yana salati.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"Gobara ce?"

"Lafiya lau, Baba. Ina kwana."

Da yake yau ba shi da ikon wuce kowa, sai ya tsaya, ya mayar da gora hagu, ya ba da hannu. Agogo ya yi ƙara a wuyan hannunsa yana tambaya ko ya gama.

Alhaji Mumuni tsohon ɗan kasuwar goro ne, Hausarsa ta zama ce ba ta haihuwa ba, amma ba ta taɓa hana shi faɗin abin da ke ransa ba. Ya bar Muniru ya gama ban haƙuri, sannan ya nuna hannun hagun da baki.

"Shi ne wannan hannu?"

"Shi ne, Alhaji."

"Cire wannan abu. Shi na kallona, shi na kuka. Ni ba na magana da mutum biyu."

Muniru ya kwance agogon ya jefa a aljihun jallabiya. Alhaji ya ce ya wuce, Allah ya shirye mu duka. Sannan ya kira a kawo koko da ƙosai.

Abu na biyu da bai lissafa ba ke nan. Wanda ya zo ba da haƙuri ba ya ƙin abincin gidan. In ya ƙi, an ce bakinsa ne ya zo, zuciyarsa tana gida. Muniru, wanda ya shirya yin wannan gudu a kan ayaba guda, ya shanye kwanon koko, ya cinye ƙosai, Alhaji yana kallo yana cewa a ƙara masa, ai ɗan wasa ne.

A Aboabo ladan ya yi masa nasiha mai tsawo a kan abin da hagu take yi da abin da ba ta yi, ya rufe da fura mai kauri. A Sawaba tsohon direba bai yi nasiha ba, dariya ya yi ta yi har da hawaye, ya sa Muniru ya nuna masa yadda ya kaɗa hannun, sannan ya aika aka sayo wake da shinkafa da taliya da ƙwai, ya zauna ya ga ƙarshensu.

Da ya fito daga nan rana ta riga ta ɗaga. Cikinsa ya yi gaba, shi yana binsa a baya. Wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari, jallabiya ta manne masa kamar an jiƙa ta a kwata, gorar ma ya manta ta a wani gida. A kan hanyar filin jirgi ya ji ganga a bayansa. 'Yan kulob ɗin Lahadi ne, sun makara, suna tafe suna waƙa suna tafi, mata da maza da tumbinsu. Suka zo suka wuce shi ba tare da sun daina waƙar ba. Wata mai ƙiba a sahun baya ta waiwayo.

"Alhaji, ka yi ƙoƙari. Farkon farawa haka yake. Ka riƙa zuwa muna yi tare."

Ya so ya gaya mata ko shi wane ne, amma numfashin bai isa ba.

A Dichemso Hikima ce ta buɗe ƙofa. Ta gan shi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ba ta ko kalli takalmin ba. Wannan ya fi duk abin da aka yi masa tun safe zafi.

"Malam yana ciki?"

"Ya tafi ɗaurin aure Tafo, Baba." Ta murza bakin mayafi. "Ya ce in an yi azahar zai wuce Ejura duba gona. Ya ce wataƙila ya kwana biyu."

Muniru ya gane. Ba wanda zai ce an ƙi goro. Za a zo ne kawai a tarar mai karɓa ya yi tafiya. Ya ɗaga kai ya dubi rana, inuwarsa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafafunsa.

A bakin titi wani mai keke-napep, wanda a nan ake kira pragya, ya rage gudu. "Alhaji, mu je?" Muniru ya kai hannu zai kama ƙarfen. Sai ya hango benci a tsallaken titi, da maza huɗu a kai, duk sun daina magana suna kallonsa. Ya saki ƙarfen.

Abin da ya yi daga Dichemso zuwa Tafo ba irin gudun da saurayin waya yake koyarwa ba ne. Babu waƙa, babu ruwa, babu duba hannu. Ya kama jallabiya da haƙori a wani wurin, ya tsallake kwata, ya ratsa tsakanin motocin haya ana zaginsa da Asantanci. A gindin wani hawa furar ladan ta nemi fita, ya dafa bango ya ba ta hanya, ya goge baki ya ci gaba. Fuskar Fadil ce a gabansa, tsugune yana juya goro.

Ya isa ana shirin kiran salla. Rumfuna ne nan ma a kan titi, da sahun dattawa wanda ya fi na jiya tsawo. Malam Sha'aban yana can ƙarshen hagu da jar hularsa. Dab da shi mota ce a tsaye, ƙofa a buɗe, inji yana aiki. Malam ya miƙe yana kakkaɓe riga.

Tsakaninsu bai fi a taka sau kaɗan ba, in da a miƙe za a bi. Ƙafafun Muniru har sun fara karkata can. Ya tsayar da su. Ya juya ya tafi farkon sahu ta dama, ya rusuna, ya miƙa hannu.

"Sannunku da taro. Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya? Daga ina haka da gumi?"

"Daga nan kusa, Baba."

Ya matsa ga na biyu. Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, su ma ba su san shi ba, amma wannan bai rage tsawon gaisuwar ba. Wani ya riƙe hannunsa yana tambayar ɗan wane gida ne, da ya ji sunan mahaifinsa sai ya tsaya yi wa marigayin addu'a. Duk rusunawa ɗaya sai gwiwoyin Muniru sun yi kamar ba za su sake miƙewa ba. Ta gefen ido ya ga Malam Sha'aban ya taka zuwa motar, ya dafa ƙofa. Saura mutane da yawa. Wani tsoho mai nauyin ji ya sa ya maimaita gaisuwar tun daga farko, ya maimaita.

Da ya ɗago daga wannan, sai ya ga Malam bai shiga ba. Yana tsaye yana kallo. Can ya dawo ya zauna a kujerarsa, ya gyara hula.

Muniru ya iso ƙarshen sahu, ya tsuguna, ko kuma a ce ya zube.

"Malam, ni ne na jiya."

"Na gane takalmin."

"Na zo ba da haƙuri."

Malam Sha'aban ya daɗe yana dubansa, daga hular da ta jiƙe har zuwa bakin jallabiyar da ya sha jar ƙasa.

"Jiya na ce wa Yero, gidan da uba yake wuce manya haka, me ɗa zai yi wa 'yar mutane?" Ya juya wajen direba. "Kashe motar nan, kana ƙona mai." Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya miƙa ta nesa da ido yana neman suna. "Wannan takalmi, da shi za ka zo ɗaurin aure?"

"A'a, Malam."

"Madalla." Ya kara wayar a kunne, sannan ya ɗaga murya wajen masu rabon abinci. "Ku kawo wa baƙona tuwo. Ku cika, daga nesa yake."

Bayan salla Malam ya ce ya shiga mota a rage masa hanya. Muniru ya ce Baba ya ce da ƙafa. Malam ya ce zuwa aka ce, ba a ce komowa ba.

An sauke shi a bakin lungunsu. Yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya ya ciro agogo daga aljihu. Agogon ya rubuta gudu daga Moshi Zango zuwa gidan Alhaji Mumuni, ɗan guntu, mai yawan tsayawa. Daga nan, da bai ji bugun zuciya ba, ya yanke hukuncin cewa maigidansa ya gama, ya kashe kansa. Gudu mafi tsawo da Muniru ya taɓa yi a rayuwarsa, babu abin da zai nuna wa kowa.

"Obroni, sannu da Tafo," in ji wani daga kan benci. "An ce 'yan ganga sun wuce ka a hanyar filin jirgi."

"An ce kuma ka bar wa wani bango fura," in ji na kusa da shi. "Mai bangon yana gaisuwa."

Muniru ya mayar da agogon aljihu. Ya tsaya, ya faro daga dama.

Bayan magariba yana zaune a tsakar gida, ƙafafu cikin bokitin ruwa, aka yi sallama. Baba Yero ne cikin babbar riga mai aiki, Fadil a bayansa yana ƙoƙarin ɓoye murmushi ya kasa. Muniru ya yunƙura zai tashi, cinyoyi suka ƙi. Tsohon bai ce ya bari ba. Ya dogara sanda ya jira, har Muniru ya fito daga bokitin, ya dafa bango, ya sauka ƙasa a hankali yana cije leɓe.

"Sun karɓa," in ji Baba Yero. "Sun ce yaron yana da ladabi. Na ce daga wajen uwarsa ne."

Memuna ta yi guɗa 'yar ƙarama daga kicin.

Tsohon ya ciro farin goro guda, ya ɓare, ya miƙa wa Muniru rabi. Muniru ya karɓa da hannu biyu.

"Wannan tseren naku na marasa aikin yi, ta ina zai bi?"

Muniru ya juya goron a hannu. "An ce zai bi ta shataletalen filin jirgi, Baba."

"Yawwa, ba nisa. Fadil, ranar ka kai mini kujera bakin titi. Zan gaya wa Mumuni da Sha'aban su ma su zo, mu ga abin da ake yi wa wannan wahala." Ya juya zai fita, ya waiwayo. "Ta hannun dama za mu zauna, don kar ka sha wuyar nemanmu."

"To, Baba."

Da suka fita, Muniru ya rarrafa ya koma kan kujera, ya mayar da ƙafafu cikin ruwa. Memuna ta kawo masa kofin shayi ta tsaya a kansa.

"Gobe zan kai wandon nan wurin tela ya ƙarasa shi," in ji ta.

Bai yi gardama ba. Ya karɓi kofin da dama, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da shi hagu, ya ɗan jijjiga hannun sama da ƙasa kamar mai gudu, don ya ji ko hagun zai saba riƙe gora.